Ƙimar Tsohuwar Takardar Kuɗi Bayan Kasuwa Ta Daina Karɓarta

 Ya ku iyayena da malamaina, Allah ya gafarta muku, da ku 'yan'uwana almajirai da 'yan kasuwa da kuka halarci wannan majalisi, mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ita ce ta tsofaffin takardun kuɗi, waɗanda hukuma ta janye, kasuwa ta daina karɓa, amma suka wanzu cikin adaka da gafaka da tsakanin ganyayen littattafai a gidaje da yawa na wannan birni na Sakkwato, tun daga Gidaɗawa har Ƙofar Rini. Mutanenmu sun kasu biyu a kansu. Akwai wanda in ya buɗe akwatin mahaifinsa ya tarar da fam ɗaya ko sule goma, sai ya miƙa wa yara su yi wasa, don a ganinsa abin da ba ya sayen goro ba shi da sauran amfani. Akwai kuma wanda jita-jita ta cika masa kunne cewa ga wani Bature ko wani Balarabe can yana sayen kwabo mai huji da miliyoyi, har ya sayar da akuyarsa ya yi guzurin bin 'yan damfara. Abin da ya ɗebi na farko shi ne ya ɗebi na biyu, wato rashin sanin sababin da ke sa tsohon kuɗi ya yi tsada, da sababin da ke hana shi.

Ba a gane matsayin takarda sai an tuna da abin da ta gada. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuɗin da ke yawo a kasuwannin daular nan wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake fitowa, ana zube shi ƙasa a ƙirga biyar-biyar, a ɗura zambar ashirin cikin keso guda. Babban ciniki kuwa akan yi shi da liyari, azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, wadda Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya shiga Kano a 1851 ya kuma iso nan Sakkwato a 1853, ya tarar ana musanya ta da wuri 2,500. Da Nasara suka ci wannan gari a watan Maris na 1903, ba su jima ba suka hana shigo da wuri a 1904, suka kawo anini da kwabo masu huji waɗanda aka fara bugawa a 1907, da haruffan Larabci a jikinsu don mai karatun allo ya san abin da ya riƙe. Amma haƙiƙanin abin da ya kashe wuri shi ne haraji da jangali, domin tun ranar da aka ce baitulmali ba ya karɓar komai sai kuɗin ƙarfe, dole manomi da makiyayi su nemi sule ko da ba su ƙaunarsa.

Takarda ta biyo baya. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a birnin London, mai buga wa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya, kuma a 1916, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko azurfa ta yi wuya, ta fitar da takardun sule biyu da sule goma da sule ashirin, sa'an nan ta sule ɗaya a 1918. Kakanninmu ba su karɓe ta da hannu biyu ba, kuma suna da hujja: azurfa ana binne ta a tukunya ta shekara goma a tone ta lafiya, in ta ƙi kasuwa maƙeri ya narke ta ya yi munduwa, alhali takarda gara na cinta, ruwa na jiƙa ta, gobarar ɗakin ciyawa ɗaya ta isa ta maida wahalar shekara toka, saboda haka aka riƙa karɓarta da ragi, mai takardar sule goma ba ya samun cikakken sule goma na ƙarfe. Kada wani ya kira wannan ƙauyanci. A shekarar 1294 wani sarkin Mongol na ƙasar Farisa ya tilasta wa mutanen Tabriz karɓar kuɗin takarda, suka rufe kasuwanni har sai da ya janye; shi kuwa Ibn Batuta, da ya je ƙasar Sin ya ga ana saye da sayarwa da 'yar takarda mai hatimin sarki, sai ya lissafa abin cikin al'ajaban da ya gani. Ita takardar kuɗi alkawarin mai mulki ce kawai, kuma mutum ba ya sakin azurfarsa ya riƙe alkawari sai ya jarraba mai alkawarin.

To, shi wannan alkawari an sha warware shi, kuma a nan ne mas'alarmu ta samo tushe. Ku dubi sarautar mutum ɗaya, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Allah ya jiƙansa, wanda ya hau a 1938 ya rasu a 1988. Ya hau ana kashe kuɗin hukumar London. Ran 1 ga Yuli 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa takardun, sule biyar da sule goma da fam ɗaya da fam biyar; a 1965 aka sake su don a rubuta sunan Jamhuriya; a watan Janairu 1968, ana cikin yaƙin basasa, aka sake canzawa cikin gaggawa don a kashe takardun da ke hannun Biyafara; ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya a kan naira biyu; sa'an nan a ƙarshen Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta juya launin takardu, ta ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffi banki. Kowane canji daga cikin waɗannan, abin da aka mayar banki an lalata shi, don haka yake a ƙa'idar bankuna, abin da ya tsira kuwa galibi na wanda bai samu kaiwa ba ne: Bafillace a ruga da labari bai iske shi da wuri ba, tsohuwa mai adashi da ta ɓoye nata a ƙasan tukunya, falke da rufin iyaka ya rutsa da shi a Birnin Ƙonni bai ƙetaro Illela ba sai bayan wa'adi ya cika. Ina so ku riƙe wannan da kyau, domin mafi yawan tsofaffin takardun da ke gidajenmu alamar hasarar wani bawan Allah ce, kuma duk wanda ya ga abin da ya faru a farkon 2023, bayan an sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000 mutane suka kwana a bakin bankuna har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris, ba ya buƙatar a yi masa sharhin irin wannan hasara.

Idan hukuma ta janye alkawarinta, takarda ta fita daga hukuncin kuɗi ta shiga hukuncin haja, farashinta kuma ya koma hannun mai so. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne zaton cewa tsufa ne ke kawo tsada. Da haka ne, da wuri ya fi komai tsada, ga shi kuwa har yau ana auna shi a kasuwa ana yi wa ƙwarya ado da shi. Liyari ma, mutum zai ga 1780 a jikinta ya ɗauka ya riƙe abin da ya haura shekara ɗari biyu, alhali wannan shekarar rasuwar sarauniyar ce, aka ci gaba da buga miliyoyi da ita ba a canza ba har cikin ƙarni na ashirin, saboda haka mafi yawansu ba su wuce kuɗin azurfar da ke jikinsu da wani abin kirki ba. Haka kwabo da anini na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus bai cika shekara a kan gadon Ingila ba: labarinsu na da daɗin ji, 'yan damfara na son ambatonsa, amma an buga su da yawa ƙwarai, kuma ba su da wuyar samu. Fam ɗaya ta Biyafara ita ma ta cika hannun masu tarawa a duniya, domin da yaƙi ya ƙare a 1970 an bar tarinta, har da waɗanda ba a kai ga buga musu lamba ba. Abin da ke da tsada shi ne abin da ya yi ƙaranci, kamar takardun gaggawa da gwamnatin Nijeriya ta buga da kanta a 1918 sa'ad da kuɗi ya yanke, waɗanda ba su daɗe a hannun mutane ba aka janye, da takardun farko na hukumar London, da fam biyar ta 1959, wadda ko a zamaninta ba kowane gida ta shiga ba. Masana wannan fanni har sa hannu suke dubawa, don takarda iri ɗaya takan fito da sa hannun gwamnonin banki daban-daban, kuma ta wanda bai daɗe a kujera ba, kamar Malam Adamu Ciroma da ya riƙe Babban Banki daga 1975 zuwa 1977, a bisa al'ada takan fi ta wanda ya shekara goma ƙaranci; suna kuma duba lamba, da kuskuren bugu, da takardun da aka buga don maye gurbin waɗanda suka lalace a maɗaba'a.

Ƙaranci kuwa ba ya wadatarwa sai da lafiyar takarda, kuma mu mutanen Sakkwato bai kamata a wahala wajen fahimtar da mu wannan ba, tun da mun san yadda mai sayen jan fata yake ɗaga ta ga hasken rana, in ya ga yankan wuƙa ɗaya ya sauke ta daga daraja ta farko, ko da akuyar ta fi kowace kyau. Masu tara takardun kuɗi suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, akwai kamfanoni a Amurka irin su PMG da aikinsu ke nan, su duba takarda su ba ta daraja su rufe ta cikin leda mai hatimi. Kuma takarda biyu masu shekara ɗaya da sa hannu ɗaya, wadda ba ta taɓa ninkuwa ba tana iya ninka 'yar'uwarta da ta sha hannu sau da yawa a farashi. A nan ne al'adarmu ta ajiya take cutarmu, domin mu masu ninke kuɗi ne mu cusa a lalita, ko a ƙulle a bakin zane, ga maiƙo, ga jan goro, ga lissafin bashi da aka rubuta a gefe. Abin da ya riga ya faru ba a iya mayar da shi, amma ina gargaɗinku da kada ku ƙara wata ɓarna da sunan gyara: kada a wanke ta, kada a yi mata guga, kada a liƙe yagewarta da salatif, kada kuma a kai ta wurin masu narka leda a kan takardun shaida, don duk wannan mai saye yana ganewa, kuma a wurinsa takarda mai datti da ba a taɓa ba ta fi wadda aka yi wa kwaskwarima. A shimfiɗe ta tsakanin farar takarda biyu, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, a nisanta ta da laimar damina. Busasshiyar iskar ƙasarmu, wadda ta tsare mana rubuce-rubucen malaman jihadi har suka iso gare mu, za ta tsare wannan ma.

Sauran abu ɗaya, wanda a ganina shi ne mafi girma, shi ne mai so. Bari in kawo muku misalin Amurka. Daga 1863 zuwa 1935 gwamnatinsu ta yarda bankunan garuruwa, fiye da dubu goma sha biyu, su fitar da takardun kuɗi kowanne da sunansa da sunan garinsa, da sa hannun shugaban bankin da ma'ajinsa, bayan ya ajiye jingina a baitulmalin ƙasa. Yau takardar babban banki na birnin New York ba ta da wuyar samu, amma ta wani ɗan ƙaramin gari da bankinsa ya buga kaɗan ya rufe, wadda ƙila biyu ko uku suka rage a duniya, in ta fito gwanjo sai ka ga ana rige-rige, kuma da yawa daga masu tayawa mutanen wannan jiha ne ko jikokin mutanen garin, masu son su mallaki abin da ke ɗauke da sunan mahaifarsu. A ƙasar ce kuma aka sayar da wata takardar baitulmali ta dala 1,000, bugun 1890, a kan dala miliyan 3 da dubu 290 a watan Janairu 2014. Irin wannan labari shi ake kawo wa mutanenmu a ruɗe su da shi, ba a gaya musu cewa abin da ya kai ta can shi ne dubban attajiran ƙasar da ke gasar mallakar tarihinsu ba. Mu kuwa kasuwar tsofaffin kuɗinmu tana waje, a gidajen gwanjo irin su Spink na London da shagunan intanet, can ake yanke farashi, can ake rubuta kundayen da ke faɗin wace takarda ce ta yi ƙaranci. Ɗan Sakkwato mai fam biyar a adaka ba shi da inda zai kai a gaya masa gaskiyar ƙimarta, sai dillali ya saye ta a kuɗin cefane ya tura ta ƙetare. Muddin attajiranmu da jami'o'inmu ba su ɗauki waɗannan takardu abin nema ba, mai tsadar cikinsu za ta ci gaba da fita, mu a bar mu da jita-jita.

Ga malamai nan zaune, su ne ma'abota fatawa, amma ba zan wuce ba tare da na taɓo fuskar shari'a ba, tun da a wannan gari ba a raba ciniki da hukuncinsa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tabbatar cewa kuɗin takarda yana ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa wajen riba da zakka. Bisa wannan, naira ɗari biyu mai hoton Sardauna Ahmadu Bello, wadda aka fara fitarwa a watan Nuwamba 2000 kuma har yanzu ake kashewa, ba a sayar da ita da naira fiye da adadinta don lambarta ta yi kyau ko don sabuwa ce, kamar yadda masu sayar da sababbin kuɗi a bakin gidan biki ke yi, abin da dokar Babban Banki ta 2007 ita ma ta haramta. Amma fam da sule, da naira ashirin ta 1977 mai hoton Janar Murtala Muhammad, wadda ita ce ta farko da ta ɗauki fuskar ɗan ƙasa, waɗannan sun zama haja, ana sayar da su yadda aka yi yarjejeniya, da sharaɗin babu algus babu garari, wato kada a ɓoye aibi, kada a sayar da jabu, kada a ruɗi mai saye da farashin da babu shi. Wanda ya ajiye su don tunawa, ƙinya ce, babu zakka a kanta. Wanda ya saye su da niyyar tijara, hukuncinsa na mai jujjuya haja ne ko na mai jiran kasuwa, kamar yadda aka rarrabe a littafin Risala. Inda na fi jin tsoro shi ne rabon gado, domin akan zo kan irin waɗannan takardu a ce ba dukiya ba ne, wani daga cikin magada ya sa a aljihu, alhali la'alla a cikinsu akwai wadda ta fi saniya, ga kuma marayu a cikin masu haƙƙi. Wajibin mai rabo ne ya sa a ƙimanta su kafin ya rufe lissafi.

Akwai kuma wata ƙima da gwanjo ba ya aunawa, ita ce ta rubutun da ke jikin takardun. Tun daga takardun hukumar London ake sa adadin kuɗi da haruffan Larabci, aka ci gaba da ajami a kan fam da naira, domin waɗanda suka tsara su sun san cewa a ƙasar nan akwai miliyoyin masu karatu da ba su bi ta boko ba. A watan Fabrairu 2007 aka cire ajami daga naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 aka cire shi daga naira ɗari ta bikin cika shekara ɗari da haɗe Kudu da Arewa, ya saura a kan manyan takardu uku. Wasu sun ɗauka rubutun addini ne, alhali Hausa ce tsantsa, adadin kuɗi kawai take faɗi. Ranar da wani zai yi jayayya cewa ajami bai taɓa zama rubutun hukuma a ƙasar nan ba, tsohuwar naira biyar mai hoton Abubakar Tafawa Ɓalewa, bugun 1979, hujja ce da za a ɗora masa a tafin hannu, kuma wannan ya ishe ni dalilin adana ta ko da ba za ta taɓa sayuwa da tsada ba.

Babban Banki yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja, amma Abuja ta yi wa ɗalibin Sakkwato nisa, ga shi kuwa muna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a cikin gari, da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Roƙona ga masu irin waɗannan takardu shi ne, wanda zuciyarsa ta yarda ya ba da ɗaya waƙafi, wanda bai iya ba ya bari a ɗauki hotonta gaba da baya a rubuta lambarta, har mu sami kundi namu na abin da ya rage a hannunmu. Kowace takarda kuma a haɗa ta da 'yar wasiƙa mai faɗin wanda ya mallake ta, da sana'arsa, da canjin da ya rutsa da ita, domin dillali na iya sayen takarda amma wannan bayani in ya ɓace ba mai mayar da shi. Ku kuma ɗalibai, dattawan da suka yi ciniki a Kasuwar Kara da tsohuwar kasuwa lokacin canjin 1968 da na 1973 duk sun haura saba'in. Ku je ku durƙusa gabansu da alƙalami, ku tambaye su nawa ake sayar da sa da fam, wa ya yi musu canji, nawa aka rage musu, da yadda aka yi mutane suka ci gaba da kiran naira ɗari biyu jaka shekaru bayan an daina ganin jakar fam ɗari.